Ƙarfin Jiki Da Girman Kai: Tsakanin Mai Kanti, Ɗan Dako Da Ɗan Kokowa

Duk wanda ya saba cin kasuwannin bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, ko kuwa Maigatari ranar Alhamis, ya san cewa kafin mutum ya buɗe baki an riga an auna shi da ido. Idan aka ga mai tumbi cikin shadda yana takowa sannu-sannu, sai a tashi a ba shi kujera, a ce Alhaji barka da zuwa, ko da kuwa bashi ya zo nema. Idan aka ga wani tsamurarre da gammo a hannu, gumi na zuba, sai a yafuto shi a ce kai yaro zo ka ɗauki kayan nan, ko da furfura ta cika masa gemu. A 'yan shekarun nan kuma ga wani rukuni na uku ya ɓullo, wato masu sammakon motsa jiki, waɗanda za ka gani da takalman gudu a gefen kwalta tun rana ba ta fito ba.

Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana da abin da yake taƙama da shi, kuma yana da wanda yake renawa. Mai kanti na ganin ɗan dako a matsayin wanda bai yi dabara ba, ɗan dako na yi wa mai kanti kallon rago a zuci, shi kuwa mai gudun safe yana ganin ya waye ya bar su duka biyun a baya. Mun ga ya dace mu tsaya mu dubi wannan al'amari, domin a ƙarƙashinsa akwai maganar lafiyar ɗan kasuwa, wadda ita ce jarin da in ya karye ba mai ba da rancensa.

Da can falke shi ne ƙaƙƙarfa

Idan muka waiwayi tarihin sana'armu za mu tarar cewa zaman kanti daga safe har dare baƙon abu ne. Kakanninmu fatake da ƙafa suka yi arziki. Masu fataucin goro sukan tashi daga ƙasar Hausa da jakuna, a ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya kafin su isa Gwanja, inda kasuwar Salaga take a arewacin Ghana ta yau, sannan su juyo da kaya ta hanyar da suka bi. Haka nan masu ayarin gishiri da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma, waɗanda har gishirinsu ke isowa kasuwannin Damagaram da Kano. A wancan zamani mai dukiya da yaronsa rana ɗaya ke dukansu, rijiya ɗaya suke sha, kuma attajirin da ba ya iya tafiya ba ya zama attajiri. Saboda haka ba a raba ƙarfin jiki da kasuwanci ba, balle har ɗaya ya rena ɗaya.

Zuwan mota da kwalta da babur da wayar salula ya sauƙaƙa mana wahalhalu masu yawa, kuma ba mai hankalin da zai so a koma bin jakuna. Amma sauƙin ya zo da nasa kuɗin fito. Yau ɗan kasuwa na iya sayen tirela guda ta masara, ya sayar da ita, ya karɓi kuɗinsa, duk bai tashi daga kan tabarma ba. Daga gida babur ne ke kai shi kanti, yaro ke kawo masa abinci, yaro ke kai kuɗi wurin ɗan canji. Shayi kuwa na fari da na biyu da na uku, kowane da sukarinsa, ga lemun kwalba in an yi baƙo, ga tsire ko balangu da yamma. Bayan 'yan shekaru sai tumbi ya fito, jama'a su ce Alhaji ya samu, hutu ya zauna masa. Har a cikin mata 'yan kasuwa ƙiba ta zama shaidar cewa maigida na kula da gida, abin da ya sa wasu ke shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe domin su yi jiki, alhali kuwa daga cikin ƙwayoyin nan akwai masu tayar da hawan jini da ciwon sukari.

Abin da zama ke yi wa jiki

Maganar illar zama ba ta yau ba ce. A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan. Mutanen nan aiki guda suke yi a mota guda, sai dai direba yana zaune kusan duk yini, shi kuwa kwandasta yana hawa yana sauka a matakalar bene domin karɓar kuɗin mota. Da aka duba sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba. Ya sake dubawa tsakanin masu yawon rarraba wasiƙu da akawunan da ke zaune a ofis, ya ga abin haka yake. Duk mai kantin da ya karanta wannan zai gane kujerar wa yake kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na bukatar motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, na minti 150 zuwa 300 a mako. Wato ko minti 30 a rana sau biyar a mako ya kai mutum bakin gaɓa. A 2024 kuma aka bayyana cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba su kai ga wannan ma'auni ba. Hukumar ta kuma ba da shawarar kada gishirin da mutum zai ci a yini ya kai gram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma a cikin lissafin har da gishirin da ke ɓoye a dunƙulen miya da yajin tsire. Sukari kuwa kada ya wuce kimanin gram 50 ga baligi, alhali robar lemun zaƙi ta rabin lita ita kaɗai tana iya cike wannan adadi.

Abin tsoro game da hawan jini, wanda wasunmu ke kira tansiyo, shi ne ba ya sallama. A rahoton hukumar na 2023 an nuna cewa kusan rabin masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Likitoci na ɗaukar awon da ya tsaya a kan 140 bisa 90 ko ya haura a matsayin hawan jini. Mutum na iya yin shekaru a haka yana ciniki yana dariya, sai rana guda ɓarin jiki ya shanye. Mu 'yan kasuwa mun san abin da ke biyo baya. Kanti zai koma hannun yara, masu bin bashi za su yi layi, waɗanda ake bi kuma su ɓace, kuɗin da aka tara shekara ashirin su tafi a magani da zirga-zirgar asibiti. Tumbin da aka yi ta yi wa barka bai biya ko dala ba.

Ƙarfin ɗan dako ba kyauta ba ne

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tunda zama cuta ne, to ɗan dako ya tsira. Ɗaukar kaya mai nauyi daga safe zuwa magariba daban yake da motsa jikin da likita ke nufi, domin babu hutu a ciki, babu ma'auni, kuma sau da yawa babu isasshen abinci. Buhun siminti ko na shinkafa kilo 50 ne, amma babban buhun gero da na masara da na wake yakan kai kilo 100, kuma haka nan ake ɗora wa mutum guda a wuya ya hau da shi kan katako zuwa cikin mota. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar a yi ƙoƙari kada nauyin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Ke nan abin da muke gani kullum a tashoshinmu ya kusa ninka wannan. Sakamakonsa shi ne ciwon baya, da ciwon gwiwa, da ƙaba, da tsufa tun shekaru ba su kai ba.

Daga nan ne ƙwaya ke samun ƙofa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu daga cikin 'yan dako da masu tura kura da 'yan kabu-kabu na shan tiramol domin kada su ji gajiya. Tiramol maganin kashe zafin ciwo ne, ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, abin da yake yi shi ne ya rufe bakin jiki kada ya yi kuka. Wanda ya saba da shi ba ya iya aiki sai da shi, kuma yawansa na jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Ƙarfin aro ne da ake biya da ruwa mai tsada. Idan muka ga saurayi yana taƙama cewa shi kaɗai zai sauke rabin mota, abokansa na yi masa kirari, ya kamata mu tambayi kanmu yaya bayansa zai kasance in ya shekara arba'in, kuma wa zai riƙe shi a lokacin. Mai kayan da ya matse ladan dako har sai mutum ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa kafin ya sami na abinci, shi ma yana da hannu a ciki.

Sabon girman kai

Yanzu bari mu zo ga masu gudun safe. Ko shakka babu abin da suke yi abu ne mai kyau, kuma muna fatan su ƙaru. Ana samun manyan 'yan kasuwa da likita ya tsoratar, suka rage tuwon dare, suka bar lemo, suka kama tafiyar ƙafa, jikinsu ya yi sauƙi, barcinsu ya gyaru. Tashi da asuba cikin sanyin hunturu a fita tafiya alhali bargo na kira, wannan horon kai ne na gaske, kuma wanda ya iya shi ya cancanci yabo.

Sai dai akwai wata cuta da ke bin wannan nasara a baya, wadda awon likita ba ya ganowa. Mutum ya yi wata uku yana gudu, sai ka ga ya fara duban tumbin maƙwabcinsa yana murmushi. In an kawo abinci a rumfa sai ya mai da wurin aji, wannan mai ya yi yawa, wancan guba ne. In aka ce wane ya kwanta asibiti, maimakon ya ce Allah Ya ba shi lafiya, sai ka ji ya ce ai dama na gaya masa. A hankali sai ya fara ɗaukar siririn cikinsa a matsayin shaidar cewa ya fi sauran hankali da tarbiyya. Shekaran jiya da tumbi yake rena mutane, yau kuma da rashin tumbi yake rena su, ke nan riga kawai girman kan ya canza.

Akwai abubuwa biyu da irin wannan mutum ke mantawa. Na farko, horon kai ma yana bukatar sarari. Wanda ke da yara uku a kanti yana iya tafiya fili ya dawo ƙarfe tara. Mai tebur ɗin da in ya matsa ciniki ya wuce shi, da direban da ya kwana a layin duwan, da matar da ta tashi tun ƙarfe huɗu tana suyar ƙosai, ba lalaci ne ya hana su ba. Mace ma ko tana so, ba kowane gari ne za ta fita gudu a titi bakin mutane ya ƙyale ta ba. Na biyu, jiki ba duka ne a hannun mai shi ba. Akwai gado, akwai halitta. Wani yana cin kaɗan ya yi ƙiba, wani yana cin kwano biyu yana nan kamar kara, kuma hawan jini na kama siriri kamar yadda yake kama mai jiki. Masu sauraren ƙwallo ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a filin wasa na Legas a watan Agustan 1989 ana karawa da Angola, ko Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi a birnin Liyon na Faransa a watan Yunin 2003 yana da shekara 28. Dukansu biyu ciwon zuciya ne ya yi ajalinsu, kuma ba wanda zai ce ba su motsa jiki. Wannan ba hujja ba ce ta barin motsa jiki, domin amfaninsa tabbatacce ne. Abin da yake nuna mana shi ne motsa jiki na rage haɗari, amma ba ya ba kowa takardar fin wani.

Ban da haka, gori ba ya gyara kowa. Wanda aka yi wa dariyar tumbi a gaban yaransa ba zai fito tafiya gobe ba, sai ma ya ƙara nisa da maganar, ya ce wannan aikin 'yan boko ne da marasa abin yi. Da yawa daga cikin dattawan kasuwa abin da ke hana su fitowa ke nan, kunyar a gan su cikin gajeren wando suna haki, yara na kallo. Mai gudun da ke yi musu izgili shi ne ke ƙara rufe musu ƙofa.

Darasin filin kokowa

In ana maganar ƙarfi da taƙama, ba mu da makarantar da ta fi filin kokowa. Tun daga 1975, lokacin da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, wadda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya lashe, kokowa ta zama wasan da ke tsayar da ciniki a Nijar. Jihohi takwas kowace na kawo 'yan kokowa goma, mutum 80 ke nan, suna neman takobi guda. A kwanakin gasar za ka tarar rediyo na tashi a kowace rumfa, har a kasuwannin tsallaken iyaka.

Ba wanda ya kai ɗan kokowa kirari. Zai shigo fili da walki da guraye da layu, makaɗa na zuga shi, ya ɗaga hannu ya faɗi garuruwan da ya yi kaye. Mawaƙa irin su Sagalo sun yi suna ne a kan wannan zuga, kamar yadda Ɗan Anace ya yi suna da wasa Shago a fagen dambe. Amma duk mai kallo ya san kirari ado ne na fili, kuma yana ƙarewa da zarar an kama. A gasar takobi ba a raba 'yan wasa bisa nauyi, don haka sau da yawa ake ganin ƙaramin mai dabara ya kayar da ƙato, fili ya ruɗe. Wanda ya rena gajere bai taka kunama ba. Kuma faɗuwa guda ta isa ta fitar da mutum daga neman takobin shekarar, komai sunansa, komai watannin da ya yi yana horo.

Abin da ya fi burge mu shi ne abin da ke biyo bayan kaye. Sau da yawa za ka ga wanda ya yi nasara ya miƙa hannu ya tayar da abokin karawarsa, su rungumi juna, wani lokaci har ya kakkaɓe masa ƙasa. Ya san wahalar da wancan ya sha kafin ya iso fili, domin shi ma irinta ya sha, kuma ya san baɗi yana iya zama shi ne a ƙasa. Gaba da gabanta. Takobin nan ya zaga hannuwa da yawa. An yi zamanin Kantu, an yi na Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa da Balla Haruna na Damagaram. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya kafa tarihi da ya ɗauke shi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Duk da haka ba wanda ya zo da takobin daga gidansu, kuma kowane gwani akwai ranar da ƙafa ke gaza masa. Yau filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso kuma sunan Salma, matasan da ba su taɓa ganin kokowarsu ba su ne ke karawa a ciki. Idan mutanen da ƙarfi ne sana'arsu sun iya miƙa wa wanda ya faɗi hannu, to mai zagaya fili sau biyar da safe ba shi da dalilin ɗaga hanci.

Abin da ya rage gare mu

Ɗan kasuwa ba baƙon horon kai ba ne. Wanda ya iya hana kansa taɓa uwar kuɗi shekara da shekaru, ya iya zubin adashi ba fashi, ya iya buɗe kanti kan lokaci ko da ruwa ko da iska, ba zai kasa tafiyar minti 30 ba. Ba sai an sayi kayan wasanni ko an shiga gidan motsa jiki ba. Mutum na iya barin babur a gida ya taka zuwa kasuwa cikin rigarsa da hularsa, ko ya sauka nesa kaɗan ya ƙarasa da ƙafa. Yana iya tashi da kansa ya je wurin ɗan canji ko sito maimakon aiken yaro. A lokacin bazara, da zafi ke haura digiri 40, a yi tafiyar da sassafe ko bayan la'asar, a kuma sha ruwa sosai. Wanda ya manyanta, ko yake jin ciwon ƙirji ko haki in ya yi ɗan motsi, ya fara ganin likita kafin ya kama gudu. Awon jini kuwa ba ya cin minti biyar, ana yin sa a ƙananan asibitoci da kantunan magani da yawa, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi ko don ya fara motsa jiki, sai da izinin likita.

Shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan tasha su ma suna da rawar takawa. Suna iya gayyato ma'aikatan lafiya ranar kasuwa su auna jama'a, daga mai kanti har ɗan dako. Suna iya sa dokar cewa babban buhu mutum biyu ne za su kama, ko a sa shi a kura, ba tare da an rage lada ba. Wanda kuma Allah Ya ba ikon fara motsa jiki, hanya mafi sauƙi da zai taimaki maƙwabcinsa ita ce ya biya masa da safe ya ce Alhaji zo ka raka ni, su tafi suna hirar farashi, ba tare da ya ambaci tumbin kowa ba. Dattijon da ke ɗauke mana kaya kuwa, in za mu kira shi, mu ce Baba ko Malam, mu ba shi ruwa, mu biya shi hakkinsa kafin guminsa ya bushe.

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani da kasuwa mai albarka, Ya raba mu da rena mutane.